Hagu ko dama: daga ina halitta ta ɗauki hannu ɗaya? Muhawara a zauren malaman kimiyya na Katsina da Daura

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum malamai. Tun da aka fitar da sakamakon ƙasar da kumbon OSIRIS-REx ya ɗebo daga Bennu, wani dutse da ke yawo a sararin samaniya, nake son mu tattauna wannan batu. Giram 121.6 aka sauke a Amurka ranar 24 ga Satumba 2023, kuma a Janairun 2025 aka bayyana cewa an sami 14 daga cikin amino asid 20 da ke gina furotin. Sai dai na hagu da na dama sun zo kusan kunnen doki, alhali furotin ɗin halittu da na hagu kawai ake gina shi. To mu da muka daɗe muna gaya wa ɗalibai cewa mai yiwuwa daga sararin samaniya rinjayen hagu ya sauko, yanzu me za mu ce masu?

Dokta Binta, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a shiga Bennu bari a daidaita ma'auni, don akwai malaman nazarin halittu a zauren nan. Duk ƙwayar kabon da ta riƙe abubuwa huɗu mabambanta tana iya zama iri biyu, ɗaya hoton ɗaya a madubi, kuma duk yadda ka jujjuya su ba za su hau kan juna ba. Nauyinsu ɗaya, zafin da suke narkewa ɗaya, ruwan da ke narkar da su ɗaya. Cikin amino asid 20, guda 19 suna da wannan hali, gilaisin ne kawai babu ruwansa saboda haidurojin biyu ya riƙe. Furotin ɗin mutum, na gero, na sauro, dukkansu da nau'in L aka gina su, wanda muke ce wa na hagu. Sukarin da ke ƙashin bayan RNA da DNA kuwa nau'in D ne, na dama. Amma idan aka haɗa amino asid a kwalba ba tare da wani abu mai rai ba, kamar yadda Stanley Miller ya wallafa a 1953, rabi da rabi ake samu.

Abu biyu da ɗalibai ke yawan faɗuwa a kai. L ba ya nufin abin yana juya haske hagu, alanin na L ma dama yake juya shi, harafin tsarin ginin yake nunawa. Na biyu, idan muka ce rinjaye, bambancin muke nufi: 60 na hagu da 40 na dama rinjayen kashi 20 cikin 100 ke nan.

Malam Mannir, Daura:
Malam Lawal, ni a ganina Bennu bai kashe maganar ba, ya dai rage mata ƙarfi sosai. Dutsen Murchison da ya faɗo a Ostireliya ranar 28 ga Satumba 1969 shi ne jigon hujjar. A 1997 Cronin da Pizzarello suka auna rinjayen hagu na kashi 2 zuwa 9 a wasu amino asid ɗinsa, a 2009 kuma Glavin da Dworkin suka sami kusan kashi 18 a aisobalin. Dalilin da ya sa aka dogara da aisobalin shi ne ba kasafai ake samunsa a halittun duniya ba, don haka da wuya a ce hannun wanda ya tsinci dutsen ko ƙwayoyin cutar ƙasa ne suka gurɓata shi. Kuma a inda sauran amino asid ke da haidurojin a jikin kabon ɗin tsakiya, shi metil gare shi, shi ya sa ba ya saurin rikiɗa daga hagu zuwa dama.

Matsalar ita ce wannan alherin nasa shi ne kuma rauninsa: ba ya cikin 20 ɗin da ke furotin. Sai an nemo hanyar da zai miƙa rinjayensa ga wasu. Sannan ƙasar da Jafan ta kawo a 2020 daga Ryugu, wani dutsen sararin samaniyar, giram 5.4, ita ma rabi da rabi ta nuna. Biyun nan su ne samfuri mafi tsabta da aka taɓa riƙewa, babu wanda ya kwanta a gona ruwa ya doke shi.

Malama Zulai, Batagarawa:
Ai mu ma muna da namu dutsen, na Zagami. Ba ya shiga wannan lissafin ne?

Malam Mannir, Daura:
Ba ya shiga, Malama. Na Zagami ya faɗo ranar 3 ga Oktoba 1962, nauyinsa wajen kilo 18, kuma daga duniyar Mas ya fito. Narkakken dutse ne da ya daskare, irin na aman wuta. Masu ɗauke da amino asid da yawa baƙaƙen duwatsu ne masu kabon, waɗanda ba su taɓa narkewa ba, ruwa ne kawai ya ratsa su tun farkon tsarin rana. An ma lura cewa waɗanda ruwa ya fi ratsawa su suka fi nuna rinjayen aisobalin, wanda ke nuna a cikin dutsen aka haɓaka shi.

Malam Bishir, Dutsin-Ma:
Ku masu kemistiri kuna ta zagaye. Fizis ta riga ta nuna cewa ita kanta duniya tana bambance hagu da dama. Lee da Yang suka kawo shawarar a 1956, Madam Wu ta tabbatar a 1957 da kobalt-60: ilektiron ɗin da ke fita daga rubewar beta sun fi karkata gefe ɗaya. Ƙarfin da ke haddasa wannan rubewa, wanda ake kira ƙarfi mai rauni, yana aiki cikin kowace ƙwayar zarra, saboda haka kuzarin na hagu da na dama ba daidai yake cif ba. Ga kuma haske mai murɗawa. A 1998 an auna murɗawa har kashi 17 a hasken da ke fitowa daga gajimaren Oriyon inda ake haifar taurari. Irin wannan hasken yana lalata hannu ɗaya fiye da ɗayan.

Dokta Binta, Ƙofar Marusa:
Malam Bishir, ka haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Hasken ya yi aiki a ɗakin gwaji, amma duba tsadarsa. Kagan da abokan aikinsa a 1974 sai da suka ƙone kashi 99 na kafur kafin ragowar ta kai rinjayen kashi 20. Da aka gwada da lusin a 1977, wajen kashi 2 aka samu bayan an lalata fiye da rabi. Kuma murɗawar da aka auna a Oriyon ta hasken infared ce, alhali hasken da ke fasa amino asid ultrabayolet ne. Bayan haka wani yanki na gajimaren yana murɗawa hagu, wani dama, ka ga an koma ga dace: ya danganta da inda ranarmu ta tashi.

Ƙarfi mai rauni kuwa, bambancin da lissafi ke bayarwa ga amino asid bai wuce ƙwaya ɗaya cikin adadin da ake rubutawa ɗaya da sifiri 17 ba. Yanzu ɗauki alƙalami. Idan ka haɗa ƙwayoyi N ba tare da fifiko ba, ba za su rabu daidai cif ba, za a sami rarar da ta kai kimanin saiwar N, wato adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da N. Ga ƙwayoyi ɗaya da sifiri 20, waɗanda ba su kai miligiram 20 na alanin ba, rarar ɗaya da sifiri 10 ce, wato ɗaya cikin biliyan goma. Wannan rarar ta dace kawai ta ninka tasirin da kake magana sau miliyan goma.

Malam Bishir, Dutsin-Ma:
Dokta, rarar dace tana canza gefe, yau hagu gobe dama, su share juna. Tawa kullum gefe ɗaya take turawa. Kondepudi da Nelson sun yi lissafi a 1985 cewa a ruwa mai girman tafki, cikin dubban shekaru, ƙaramin fifiko mai ɗorewa zai iya yin nasara.

Dokta Binta, Ƙofar Marusa:
Da sharaɗin tafkin ya gauraya sosai duk tsawon wannan lokaci, kuma tsarin ya ratsa gaɓar yanke hukunci a hankali ƙwarai. Hawbaker da Blackmond sun gwada a 2019 da haɗin Soai, wani haɗin sinadarai mai haɓaka ƙaramin rinjaye, suka auna mafi ƙarancin bambancin kuzarin da zai iya karkata shi. Ya fi na ƙarfi mai rauni sau dubu ɗari zuwa miliyan goma. Shi ya sa nake cewa tambayar wa ya fara karkata sikeli ba ita ce mai wuya ba, ƙaramin rinjaye kyauta ake samunsa. Mai wuyar ita ce me ya ɗauki kashi 1 ya mai da shi 100.

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura:
To a buɗe mana haɗin Soai ɗin, Allah ya ƙara sani.

Dokta Binta, Ƙofar Marusa:
Frank na jami'ar Biristol ya rubuta sharuɗɗan a 1953, a takarda kawai. Sinadarin ya zama yana taimakawa a ƙera irinsa, sannan idan na hagu da na dama suka haɗu su kashe wa juna aiki. Misali 60 da 40: arba'in sun riƙe arba'in sun zauna, ashirin ɗin da suka rage su kaɗai ke hayayyafa. Sai 1995 Kenso Soai a Tokiyo ya sami haɗin da ke yin haka, wani aldehaid na firimidin da sinadarin zink mai aisofurofil biyu. A 2003 ya fara da rinjayen kashi 0.00005, zagaye na farko ya kai 57, na biyu 99, na uku ya haura 99.5. Aibinsa ɗaya ne kuma babba: wannan sinadarin zink yana kamawa da wuta idan ya sha iska, ruwa kuma yana wargaza shi nan take. A cikin tolwin ake yin aikin, ƙarƙashin iskar agon ko naitirojin. Babu yadda za a yi wannan ya faru a tafkin farkon duniya. Ya dai tabbatar cewa lissafin Frank mai yiwuwa ne.

Malam Aminu, ɗakin gwaji, Katsina:
Ranku ya daɗe, hanyar da ta fi kusa da ruwa da ƙasa ita ce ta daskarewar gishiri, kuma ita ce za a iya nuna wa ɗalibai da ido.

A fara da na Louis Pasteur na 1848. Ana buƙatar tatarik asid gauraye rabi da rabi. Kada a ce za a tatso daga tsamiya, tsamin tsamiya tatarik asid ne amma hannu ɗaya ne, duk ƙwayar da za ta fito iri ɗaya za ta zama. A narkar da gaurayen, a raba biyu daidai, a kashe tsamin rabi da soda, rabi da amoniya, a haɗe, a tace, a bar shi ya tsane a hankali. Abin da ke ɓata aikin a garinmu zafi ne. Gishirin yana rabuwa gida biyu ne kawai idan zafin bai kai kimanin digiri 27 ba. Sama da haka hagu da dama suna shiga ƙwaya ɗaya tare, babu abin da za ka tsince. Ke nan daga Maris zuwa Mayu ɓata kaya ne in babu na'urar sanyaya ɗaki mai tsayayyar wuta. Disamba da Janairu ne lokacinsa. Shi ma hunturun da nasa sharrin: amoniya tana gudu yayin tsanewa, sai ana ɗiga kaɗan, kuma idan aka tsamo ƙwayoyin aka bar su a busasshiyar iska suna yin fari kamar alli, ƙananan fuskokin da ake gane hannu da su sai su ɓace. A duba su da gilashin ƙara girma tun suna da danshi.

Na biyu shi ne na Kondepudi na 1990, da sodiyam kilorat. Wannan gishirin a cikin ruwa ba shi da hannu ko kaɗan, sai ya daskare yake zama na hagu ko na dama. Wajen giram 100 ke narkewa a mililita 100 na ruwa. Idan aka bar kwano ya tsane ba motsi, a ƙirga ƙwayoyin, kusan rabi da rabi ne. Idan ana juya ruwan da sandar maganaɗisu har ya daskare, fiye da kashi 99 hannu ɗaya suke fitowa. Dalili: ƙwayar da ta fara fitowa sandar tana bugunta tana ɓantaro 'ya'ya dubbai masu irin hannunta, su shanye gishirin kafin wata uwa ta samu fitowa. Wane hannun zai ci? Ba a iya faɗa, wannan kwano hagu, na gaba dama. Ana gane su ta sa ƙwaya tsakanin matatun haske biyu da aka gicciye, tana juya haske wajen digiri 3 a kowace milimita, don haka a bari su kai milimita 2 zuwa 3. Idan aka ga sakamako ya gauraye duk da an juya, yawanci ƙurar hunturu ce ta shiga ta zama iri, ko ruwan ya tsane da sauri har uwaye da yawa suka fito lokaci guda. A rufe da takardar tacewa mai ƙananan huji.

Gargaɗi, don Allah: sodiyam kilorat yana ciyar da wuta. Kada ya haɗu da sukari, farar wuta, katako ko tufa. Rigar da ya jiƙa ta bushe tana iya kamawa da ɗan gogayya. A wanke duk abin da ya zuba da ruwa mai yawa.

Malam Mannir, Daura:
A ƙara da na Viedma na Madrid a 2005. Ya zuba ƙwayoyin hagu da dama daidai a ruwan da ya ƙoshi, ya sa duwatsun gilashi suna niƙa su, a ƙarshe duk suka koma hannu ɗaya. A 2008 aka maimaita da asfatik asid, wanda ke cikin furotin. Sai dai wannan hanyar tana son sinadarin da hagunsa da damansa ke daskarewa daban, kuma irinsu ba su fi kashi 10 cikin 100 ba.

Dokta Binta, Ƙofar Marusa:
Sauran kashi 90 ɗin ma suna da tasu hanyar, kuma ita ta fi burge ni don ba ta buƙatar komai sai ruwa da rana. A yawancin amino asid, ƙwayar da ta ƙunshi hagu ɗaya dama ɗaya ta fi wuyar narkewa. Idan kududdufi yana ƙafewa, sai su riƙa kwantawa bibbiyu, rarar ta zauna a ruwa. Breslow da Levine a 2006 sun fara da fenilalanin mai rinjayen kashi 1, tsanewa ta farko ruwan ya kai 40, ta biyu wajen 90. A shekarar kuma ƙungiyar Blackmond ta nuna serin yana haura 99. Amma ba kowa ke bi ba, tiriyonin ba ya haɓaka ta nan sam. Kuma ba a ƙirƙiri sabon na hagu ba, an dai ware shi ne. Ruwan sama ɗaya ya narkar da abin da ya kwanta, an koma gidan jiya.

Malama Zulai, Batagarawa:
Wani ɗalibi zai tambaya, me zai hana rayuwa ta fara da gauraye, daga baya ta zaɓa? Wani kuma zai ce ai Allah ne ya halitta haka.

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura:
Na biyun ya yi gaskiya, kuma ba ya hana binciken sababi, kamar yadda sanin cewa Allah ke saukar da ruwa bai hana mu karanta yadda hadari ke haɗuwa ba. Na farkon kuwa amsarsa tana gwajin Joyce da Orgel na 1984. Sun sa zaren RNA yana kwafar kansa ba tare da enzayim ba. Da tubalan D zalla zaren yana tsawo. Da aka zuba na L tare, sai na L ya maƙale a bakin zaren, ginin ya tsaya. Haka furotin: murɗaɗɗen ginin alfa ba ya tsayawa da kyau idan ana cusa na dama tsakanin na hagu. Don haka aƙalla wurin da kwafi ya fara, sai da tubalan suka riga suka karkata sosai.

Dokta Binta, Ƙofar Marusa:
Shi ya sa aikin 2023 ya ja hankali. A hanyar da Sutherland ya wallafa a 2009 ta haɗa tubalan RNA, akwai wani sinadari na tsakiya da ake taƙaita sunansa RAO, mai wuyar narkewa, kuma yana cikin 'yan tsirarun da hagu da dama ke daskarewa daban. Ozturk da Sasselov na Habad, tare da Sutherland, suka daskarar da shi a kan magnatayit, wani ma'adinin ƙarfe, da aka ɗora bisa maganaɗisu. Daga rabi da rabi, daskarewa ta farko ta ba da rinjayen wajen kashi 60, ta biyu hannu ɗaya zalla. Juya maganaɗisun, ɗayan hannun ya fito. Tushensa abin da Naaman ya gano tun 1999 ne, cewa sinadari mai hannu yana fifita ilektiron masu juyi ɗaya. Daga RNA kuma akwai gada zuwa furotin: Tamura da Schimmel sun nuna a 2004 cewa guntun RNA na D yana ɗaukar amino asid na L kusan sau huɗu fiye da na D.

Malam Bishir, Dutsin-Ma:
Nan ma ina da ja. Maganaɗisun duniya a yau tsakanin maikurotesla 25 zuwa 65 yake, na ɗakin gwaji ya ninka shi sau dubbai. Kuma layukansa a arewa ƙasa suke nutsewa, a kudu sama suke fitowa, ke nan tafkin arewa da na kudu hannu daban za su bayar.

Malam Mannir, Daura:
Na biyun haka yake, su ma masu aikin sun faɗa. Na farkon sun amsa da wani gwaji cewa ƙwayoyin RAO da kansu suna ƙara wa magnatayit ɗin maganaɗisu, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Gadar Tamura ce ma ta fi girgiza, don a 2024 ƙungiyar Irene Chen a Kalifoniya ta gwada wasu RNA na D masu ɗaura wa kansu amino asid, ta ga wasu hagu suke so, wasu dama. Saboda haka kada a koyar da cewa sukarin D dole ya haifi amino asid na L.

Hajiya Rabi, mai harhaɗa magunguna, Sabuwar Unguwa:
Malamai, ku ba ni wuri kaɗan daga ɓangarenmu. Enzayim kamar takalmin ƙafa ɗaya ne, ɗayar ƙafar ba ta shiga daidai, shi ya sa muke da maganin lebofuloksasin mai hannu ɗaya a gefen ofuloksasin mai hannu biyu gauraye. A gyara abin da ake yawan faɗa kan talidomaid, maganin da ya nakasa jarirai fiye da 10,000 tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da 1961. Ba gaskiya ba ne cewa da an ba da hannu ɗaya da an tsira, domin a cikin jini yana rikiɗa zuwa ɗayan cikin sa'o'i. Kuma kada a ce wa ɗalibai babu amino asid na D a halitta. Bangon bakteriya yana da alanin na D da gulutamet na D, maganin bankomaisin ma jelar alanin biyu na D yake kamawa, akwai kuma serin na D a ƙwaƙwalwarmu. Dukkansu enzayim ne ke juya su daga na L, raibosom, mai ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta, ba ya gini da su.

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, wannan ya taɓo maganar halittar madubi. Kent da abokansa sun haɗa enzayim ɗin ƙwayar HIV da amino asid na D zalla a 1992, ya yi aiki daidai, amma kan abincin madubi kawai. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa hagu bai fi dama iya aiki ba. A Disambar 2024 masana 38 suka yi kira a mujallar Science da a dakatar da yunƙurin ƙera bakteriyar madubi, don garkuwar jiki da yawancin abin da ke cin bakteriya ta hannu suke gane ta.

Malama Zulai, Batagarawa:
Malam Aminu, makarantun sakandare ba za su sami kilorat ba, kuma ba zan so yara su taɓa shi ba. Akwai mai sauƙi?

Malam Aminu, ɗakin gwaji, Katsina:
Akwai, Malama, sukarin shayi ya isa. Fuskar laftof ko waya mai LCD tana fitar da tataccen haske, ki buɗe shafi ja ko ruwan ɗorawa zalla, don farin haske kowane launi juyawarsa daban, ba za ki sami duhu sosai ba. Narkar da giram 20 na sukari, ki cika ruwa ya kai mililita 100, ki tace. Zuba a doguwar kwalbar gilashi mai shimfiɗaɗɗen gindi har tsawon ruwan ya kai santimita 20, ki tsayar da ita kan fuskar, ki leƙa ta sama da tabarau mai tace haske da aka liƙa wa ma'aunin kusurwa. Ki fara da ruwa zalla ki sa alamar inda ya yi duhu. Da hasken ɗorawa sukarin zai matsar da duhun wajen digiri 26 zuwa dama, domin 66.5 sau 2 sau 0.2 ya ba da 26.6, da ja kuma zai ɗan gaza haka. Kwalbar roba ba ta yi, ita kanta tana murɗa haske. Idan kika ɗiga ruwan lemun tsami kika dafa, sukarin zai rabu zuwa gulukos da furuktos, sai duhun ya tsallaka hagu da kimanin digiri 8, saboda furuktos yana juyawa hagu da 92, gulukos dama da 52.7 kawai. A bar shi ya huce kafin a auna, a kuma mayar da ruwan da ya ƙone zuwa mililita 100, in ba haka ba lissafin ba zai fito ba.